Waiwaye Kan Bakandamiyar Shata

Mutanen Ingila da Amurka suna da al'adar komawa kan tsohon faifan kiɗan garayarsu ta lantarki, su yi ta bahasi a kansa kamar yadda malamai ke yi wa littafi sharhi. Mu ma da muke zaune a inuwar hasumiyar Gobarau, inda magabata suka yi ta karatu da muhawara, idan aka ce mu fito da faifai guda wanda ya haɗa ƙarfin kiɗa da zaƙin karin murya, har ya cancanci irin wannan nazari, ba za mu wuce Bakandamiyar Alhaji Mamman Shata Katsina ba.

An haife shi a Musawa a 1923, ya yi tallan goro da alewa, sa'an nan ya rungumi kalangu, wanda a da kiɗan mahauta ne da 'yan mata a dandali, ya ɗaukaka shi har ya shigar da shi fadojin sarakuna. Wanda duk ya kasa kunne ga faifan nan zai ji yadda makaɗi ke matse tsarkiya a hammatarsa, fata ta ɗaure, sauti ya hau, ya saki ya sauko, har ganga ta riƙa bin hawa da saukar harshen Hausa, alhali 'yan amshi suna riƙe da gindin waƙa ba su karkata, shi kuwa gogan yana shawagi a bisansu, ya jinkirta inda ya so, ya afka inda ba a zata ba.

Maudu'in waƙar kirarin kai ne, watau abin da Larabawa ke kira fahari, kuma na san akwai ma'abota ilmi da ke ƙyamar wannan, suna ganin alfahari ne tsantsa. A ganina hukuncin ya yi tsauri, domin mutumin da ya tashi ba gadon kiɗa, mahaifinsa ma bai so sana'ar ba, idan ya tsaya yana ƙididdige garuruwan da ya taka da mazajen da ya kara da su, tarihin wahalarsa yake bayarwa, kuma da balagar da ba a koyo a allo.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne Shata ba ya rubuta waƙa, ba ya kuma maimaita ta daidai da jiya. Saboda haka Bakandamiyar da ke faifai ta rana guda ce, ta kaset dabam, ta gidan rediyo dabam, kowace da baitocinta. Dandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiana a 1975, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba mawaƙin digirin girmamawa a 1988, Ibrahim Sheme da abokansa suka fitar da littafin Shata Ikon Allah a 2006, bayan rasuwar Shata a watan Yuni 1999 da binne shi a Daura. An kyauta ƙwarai, amma takarda ba ta riƙe murya.

Don haka ina roƙon duk wanda ya gaji tsohon faifai ko kaset a akwatin mahaifinsa, kada ya bari zafi da ƙura su cinye shi. Ya kai a juye, a rubuta inda aka ɗauka da lokacin, gwargwadon abin da aka sani. Allah Ya jiƙan Shata da rahama.