Ingilishi a koleji: hadda kaɗai ba ta isa ba

Duk shekara, in jarrabawar BEPC ta matso, muna ganin ƴan koleji a Maraɗi da Damagaram sun duƙufa da haddar go, went, gone. Hadda na da amfani, amma ranar jarrabawa ana ba yaro rubutu ne ya karanta, sannan ya amsa tambayoyi a kansa. A nan ne da yawa ke tuntuɓe, ko da yake sun yi shekara 4 suna koyon Ingilishi.

Babban tarko shi ne Faransanci. Yaro ya ga kalmar library sai ya zaci kantin littattafai ne, alhali ɗakin karatu ake nufi. Irin wannan kuskure karatu ne ke gyara shi.

Don haka muke kira ga ɗalibai su riƙa karanta ɗan gajeren rubutu kullum. Su fara duba tambayoyin, su ja layi ƙarƙashin kowane aikatau, su gane ko abin ya faru ne ko zai faru. In sun gama, su ba wani labarin da Hausa. Wanda ya kasa, to bai gane ba, ya sake.

Zancen ya wuce samun maki. A 2025 Nijar ta sanya Ingilishi cikin harsunan aiki tare da Faransanci, ga kuma ƴaƴanmu masu zuwa karatu Najeriya da Gana. Uwaye, a tanadar wa yara littafi da fitila tun yanzu.