CINIKIN SHANU TA WAYA: DARASI DAGA JABAL AWLIYA DA OMDURMAN

Yau da wuya ka shiga kara, ko Maigatari ranar Alhamis ko Potiskum ranar Laraba, ba ka ga yaro ya ɗaga waya yana zagaya bijimi ba. Bidiyo yake ɗauka, zai aika wa maigidansa da ke Legas ko Fatakwal, a taya, a yi albarka, har a sallama, alhali mai saye bai taka ƙurar kara ba. To, wannan sabuwar hanya ta sha gwaji mai tsanani a ƙasar Sudan, kuma muna ganin ya kamata duk mai tsallaka iyaka da dabbobi ya san yadda ta kaya a can.

Inda abin ya faru

Jabal Awliya gari ne a bakin Farin Nilu, kimanin kilomita 40 kudu da Khartum. An san shi da madatsar ruwan da aka gama ginawa a 1937, wadda kuma gada ce da ake ƙetarewa daga gabas zuwa yamma. Ta gefen garin hanyar Kosti ta bi. A yammacin kogin, bayan birnin Omdurman, akwai karar Muwailih, wadda ta yi suna cewa ita ce babbar kasuwar dabbobi ta Sudan. Kafin yaƙi, can ake koro shanun Darfur da Kordofan. Daga Niyala a ƙasa, tafiyar takan ci wajen wata biyu. Daga nan wasu shanun su nufi Masar, raguna kuma su bi ta Sawakin zuwa Saudiyya.

Mu ba baƙi ba ne a wannan ƙasa. Hausawa da Fulani sun daɗe suna yada zango a Sudan a kan hanyar Makka, kuma bayan yaƙin Burmi na 1903 aka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Jikokinsu suna nan har gobe, wasu a unguwannin kudancin Khartum.

Yadda waya ta shigo

An kafa Facebook a 2004, WhatsApp kuma a 2009. Amma daga 1997 har zuwa Oktoban 2017 Sudan tana ƙarƙashin takunkumin ciniki na Amurka, saboda haka ɗan kasuwar Khartum ba shi da hanya mai sauƙi ta biyan kuɗin talla ga kamfanonin waje. Sai mutane suka yi dabara, suka buɗe zauruka, kowa ya sa hoton hajarsa kyauta. Matan Khartum sun yi fice a wannan, suna sayar da turare da tufafi daga cikin ɗakunansu. Masu dabbobi ma suka bi sahu, musamman idan layya ta gabato.

Amfanin a fili yake. Da can mai shanu a Darfur sai abin da falke ya faɗa masa game da farashin Omdurman, ko gaskiya ko ƙarya. Yanzu saƙon murya guda ya isa, ko mutum bai iya karatu ba. Mai kiwon turke yana iya nuna sansa ga mutum goma kafin ya biya kuɗin mota. Ga kuma Bankak, watau manhajar aika kuɗi ta Bankin Khartum, wadda ta rage wa falke wahalar ɗaure kuɗi a ƙugu.

Sai yaƙi ya zo

Ranar 15 ga Afrilun 2023 faɗa ya ɓarke tsakanin sojan Sudan da dakarun RSF. Bankunan Khartum suka rufe, tsabar kuɗi ta yi wuya, jama'a da yawa suka koma kan Bankak dungurungum. A Nuwamban 2023 Jabal Awliya ta faɗa hannun RSF, sai a Maris na 2025 soja suka karɓe ta. Tsakanin nan hanyoyin da aka saba koro shanu daga yamma suka zama na kasada.

A nan ne aibin cinikin waya ya fito. Na farko, layin ba a hannun ɗan kasuwa yake ba. A Fabrairun 2024 layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke, miliyoyin mutane suka kasa aika kuɗi ko karɓa, har aka koma biyan kuɗin awa a wurin masu na'urar Starlink don a duba asusu. Tun kafin yaƙin ma an taɓa rufe intanet na makonni, a Yunin 2019 da kuma Oktoban 2021. A Yulin 2025 kuwa hukumar sadarwa ta ƙasar ta toshe kiran murya da na bidiyo a WhatsApp. Mu ma mun ɗanɗana irin wannan a Zamfara cikin Satumban 2021, sa'ad da aka katse layukan waya aka kuma rufe kasuwannin dabbobi na mako-mako.

Na biyu, kuma shi ne babba, batun sata. Yaƙi ya zo da wawashe dukiya, har da garkunan talakawa. Saniyar sata kuwa tana yin kyau a hoto kamar kowace saniya, sau da yawa ma ta fi araha.

Mai lamuni

A kasuwannin Sudan akwai wani mutum da suke kira damin, watau mai lamuni. Kowace kabila mai kawo dabbobi tana da nata a kara. Aikinsa ya tsaya wa mai sayarwa, ya shaida cewa dabbar nan ta halal ce. In daga baya mai ita na ainihi ya bayyana, shi za a riƙe. Daidai yake da aikin dillalinmu na kirki da mai masauki: ya san wanda ya kawo, ya san rugar da aka fito, ya san shaidar da ke jikin dabba. La'adar da muke ba shi, kuɗin wannan lamunin ne.

To, wa ke lamuni a zauren WhatsApp? Mai lamba yana iya cire layinsa ya jefa a kwata yau da dare. Bidiyon da aka aiko maka yana iya zama na bara, ko na san wani. Hoto ba ya buɗe baki ka ƙirga haƙora, ba ya tari ka ji ciwon huhu, kuma mai ɗauka ya san yadda zai kauce wa kofaton da boru ya taɓa. Mai sayarwa ma bai tsira ba, don alat na bogi ya ci mutane da yawa, a can da nan. Magabata sun hana cinikin biri a sama, kuma ba su yi ƙarya ba.

Ga mai tsallaka iyaka abin ya fi muni. In aka tare motarka a shinge aka ce sa uku na ciki na sata ne, hoton da ke wayarka ba zai fid da kai ba. Za a tambaye ka takardar kara da wanda ya tsaya maka. In babu, ga asarar shanu, ga ɗauri a ƙasar da ba ka da kowa, ga sunan da ka shekara ashirin kana ginawa.

Shawararmu

Ba mu ce a yar da waya ba, zamani riga ne. A yi talla da ita, a ji farashi da ita, a ji labarin hanya da ita kafin a yi lodi. Amma kada a sallama sai naka ya tsaya a kan dabbar, ya taɓa ta da hannunsa. In za a aiko bidiyo, a sa mai ɗauka ya ambaci sunanka da ranar a ciki, ya nuna haƙora da kofato da shaidar jiki. Kada kafin alƙalami ya shiga asusun wanda sarkin kara bai sani ba. Kada a kwance igiya sai mai sayarwa ya buɗe asusunsa da kansa ya ga kuɗin sun zauna. Kowane ciniki kuma a rubuta shi a littafi da sunan dillali da shaidu biyu, don ranar da layi ya ɗauke littafin zai yi magana. In ka ga araha ta wuce hankali daga yankin da ake rikici, ja da baya.

Allah Ya zaunar da Sudan lafiya, Ya mayar wa 'yan'uwanmu na can abin da suka rasa, mu kuma Ya ba mu kasuwa mai albarka. Amin.