Siririn Jirgin Ruwa na Ingila: Sayensa, Tuƙinsa da Morarsa

Gabatarwa

A ƙasar Ingila da yankin Wales akwai wasu hanyoyin ruwa waɗanda mutane ne suka haƙa su da hannu domin jirage su riƙa bi, suna haɗa wannan gari da wancan. Ga wanda bai taɓa ganinsu ba, sun yi kama da manyan magudanan noman rani irin na Kadawa, sai dai su ba don ban ruwa aka yi su ba, don sufuri ne. Jirgin da ya fi yawa a kansu shi ne wanda ake kira siririn jirgi, saboda tsawonsa da rashin faɗinsa. Wannan darasi zai yi bayani a kan asalin wannan jirgi, da abubuwan da mai saye yake lura da su, da yadda ake tuƙa shi, da kuma irin daɗin da masu shi suke samu. Abin da ya kamata ɗalibi ya riƙe tun daga farko shi ne, awon da aka yi wa hanyar fiye da shekara 250 da suka wuce, shi ne har yau yake yanke hukunci a kan girman jirgin da saurinsa da halin da ake so matuƙinsa ya kasance da shi.

Asalin hanyoyin da jiragen

A shekarar 1761 aka buɗe hanyar ruwa ta Bridgewater, wadda wani basarake mai suna Francis Egerton ya ɗauki nauyin haƙawa domin kai kwal daga ma'adinansa na Worsley zuwa birnin Manchesta. Injiniyan da ya yi fice a aikin shi ne James Brindley. Da hanyar ta fara aiki sai farashin kwal ya faɗi da kusan rabi a birnin, domin doki guda da yake tafiya a bakin ruwa yana iya jan jirgi mai ɗauke da kimanin tan 30, nauyin da ba zai ko motsa shi ba a kan amalanke. Ganin wannan riba ya sa attajirai suka duƙufa wajen haƙa wasu hanyoyin.

To, amma ruwa ba ya hawa tudu. Don haka aka riƙa gina matakan ruwa. Matakin ruwa wani ɗaki ne marar rufi, mai ƙofa a kowane ƙarshe, wanda ake cika shi da ruwa don a ɗaga jirgi sama, ko a rage ruwan don a sauke shi ƙasa. Domin tsimin kuɗi da tattalin ruwa, matakan da Brindley ya tsara a tsakiyar Ingila ƙanana ne: tsawonsu kimanin ƙafa 72, faɗinsu kuwa ƙafa 7 da 'yan kai. Tilas aka ƙera jiragen da za su shiga wannan awo. Daga nan siririn jirgi ya samo asali, kuma har yanzu faɗinsa ƙafa 6 ne da inci 10.

Bayan zuwan jirgin ƙasa, musamman daga 1830, kasuwar hanyoyin ruwa ta fara ja baya. Kuɗin dako ya ragu, har ta kai matuƙa da yawa sun bar gidajen haya sun kwaso iyalansu cikin ɗan ƙaramin ɗakin da ke bayan jirgi. A 1948 gwamnati ta karɓi akasarin hanyoyin. Tsananin sanyin hunturun 1962 zuwa 1963 ya daskarar da ruwa na tsawon makonni, abin da ya ƙarasa durƙusar da sana'ar dako. Abin da ya ceci hanyoyin daga cikewa shi ne masu sha'awa. Littafin L. T. C. Rolt mai suna Narrow Boat, wanda ya fito a 1944, ya zaburar da jama'a, sa'an nan a 1946 aka kafa ƙungiyar Inland Waterways Association domin kare su. Tun daga 2012 hukumar Canal & River Trust ce take kula da kimanin mil 2,000 na waɗannan hanyoyi. A yau jiragen yawon shaƙatawa da na zama su ne suka maye gurbin na dako.

Abubuwan lura wajen saye

Tambaya ta farko ga mai saye ita ce, ina yake son zuwa? Jirgi mai ƙafa 70 yana da yalwar ɗakuna, amma akwai hanyoyin da ba zai iya bi ba, domin matakan wasu hanyoyin arewacin Ingila gajeru ne. Akasarin na hanyar Leeds zuwa Liverpool, alal misali, ƙafa 62 ne. Wannan ne ya sa ake yawan ƙera jirage masu ƙafa 57, domin su ne suke iya shiga kusan ko'ina. Haka kuma wanda ya sayi jirgi mai faɗi don neman wadatar wuri, to ya sallama duk hanyoyin da suke da ƙananan matakai.

Abu na biyu, wanda ya fi kowanne muhimmanci, shi ne gangar jikin jirgin. Da ƙarfe ake ƙera jiragen zamani, kuma an saba kaurin ƙarfen gindi ya zama milimita 10, na gefe 6, na ɗaki 4. Tsatsa tana cin ƙarfen a hankali, musamman daidai inda ruwa ya tsaya a jikinsa. Sabon shiga yakan ruɗu da fenti da labule da kujeru, alhali kuwa ciwon yana ƙarƙashin ruwa inda ido ba ya kaiwa. Saboda haka mai hankali ba ya biyan kuɗi sai an fitar da jirgin tudu, ya ɗauko ƙwararren mai bincike, wanda shi ne zai biya shi ba mai sayarwa ba, ya auna kaurin ƙarfen da na'ura. Idan ƙarfen ya sirance ƙwarai, kamfanonin inshora sukan ƙi karɓar jirgin sai an lulluɓe shi da sabon ƙarfe, aikin da kan ci maƙudan kuɗi. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Bayan gangar jiki sai a duba injin, wanda galibi mai amfani da man dizal ne, a tayar da shi yana sanyi don a ga irin hayaƙin da yake fitarwa, a kuma nemi takardun da suke nuna cewa mai sayarwa shi ne mai jirgin.

Abu na uku shi ne ɗawainiyar da ke biyo bayan saye. Kafin a ba jirgi lasisi dole ne ya kasance da inshora da kuma takardar shaidar lafiya, wadda ake sabuntawa duk bayan shekara huɗu, bayan an binciki bututun gas da wayoyin lantarki da tankin mai da kayan kashe gobara. Duk bayan shekara biyu ko uku ana fitar da jirgin a shafe gindinsa da kwalta don hana tsatsa. Sa'an nan akwai batun matsaya. Ko dai mutum ya kama hayar wurin ajiye jirgi na dindindin, ko kuwa ya yi rajista a matsayin mai yawo, wanda doka ta 1995 ta wajabta masa kada ya wuce kwana 14 a wuri guda. Mutane da dama, musamman a Landan, sun koma zama cikin jirgi don gudun tsadar haya, amma wanda bai yi lissafin waɗannan abubuwa ba yakan tarar ya gudu bai tsira ba. Shi ya sa masana harkar suke ba da shawarar a fara hayar jirgi na mako guda, in da hali a lokacin sanyi, kafin a saya.

Yadda ake tuƙi

Doka ba ta tilasta wa mai jirgin shaƙatawa na kansa ya mallaki lasisin tuƙi ba, amma wannan ba ya nufin aikin ba ya bukatar koyo. Matuƙi yana tsayawa ne a bayan jirgi yana riƙe da sandar tuƙi. Idan yana son goshin jirgi ya nufi dama sai ya tura sandar hagu, idan hagu yake so sai ya tura ta dama. Jirgin yana juyawa ne daga wajen tsakiyarsa, wato idan goshi ya yi dama baya zai yi hagu, don haka dole a bar wa bayan wurin lilo. Ba shi da birki. Ana tsayar da shi ne ta hanyar sa farfela ta juya baya, kuma jirgi mai nauyin tan goma sha wani abu ba ya tsayawa nan take. Idan jirage biyu suka haɗu, kowa yana kama damarsa, saɓanin yadda motoci suke bin hagu a titunan ƙasar.

Iyakar saurin da aka yarda da shi a akasarin hanyoyin shi ne mil 4 a awa, wato kamar tafiyar mutum mai hanzari. Akwai dalili. Hanyar ba ta da zurfi ko faɗi, don haka gudu yana tayar da igiyar ruwa mai zaizaye gaɓa, yana kuma jan bayan jirgi ƙasa har ya kusa taɓa laka. Idan za a wuce jiragen da suke ɗaure, ladabi shi ne a rage wuta ƙwarai, don kada a fizge musu igiya. Da yake jirgin ya fi hanyar tsawo idan aka gicciye shi, ba a iya juyawa sai a wasu wurare da aka faɗaɗa musamman don haka.

Wucewa ta matakin ruwa shi ne aikin da ya fi bukatar natsuwa. Mai gangarowa yana shiga ɗakin ne yana cike, a rufe ƙofar baya, sa'an nan abokin tafiya ya ɗauki wani hannun ƙarfe ya murɗa, ya ɗaga 'yan tagogin da ke jikin ƙofar gaba don ruwa ya fita. Ƙofar ba ta buɗuwa sai ruwan ciki da na waje sun daidaita, komai ƙarfin mai turawa. Babban haɗari a nan shi ne dokin ƙofa, wato wani tudun dutse ko kankare da yake ƙarƙashin ƙofar baya, wanda ba a ganinsa sai ruwa ya ragu. Idan matuƙi ya shagala bayan jirgi ya hau kansa, goshi zai ci gaba da sauka shi kaɗai, ruwa ya kwararo ciki, jirgin ya nutse cikin 'yan mintoci. Don haka ake zana alama a bango, kuma wajibi ne jirgi ya tsaya gaba da ita. Da zarar an ga alamar matsala, abin yi shi ne a sauke dukkan tagogin nan take, sa'an nan a mayar da ruwa sannu a hankali.

Duk sa'ad da jirgi ya wuce ƙaramin mataki, kimanin lita 100,000 na ruwa ne suke gangarawa ba za su dawo ba, kuma daga madatsun da ke kan tudu ake cike gurbinsu. Shi ya sa ake rufe ƙofofi da tagogi bayan an fita. A bazarar 2022 ƙarancin ruwan sama ya sa an rufe matakan wasu hanyoyin arewacin Ingila na ɗan lokaci. Wani haɗarin kuma a cikin ɗaki yake: murhun ɗumama jirgi da janareto suna iya fitar da iskar guba marar launi marar wari, wadda kan kashe mutum yana barci. Tun daga 2019 aka wajabta sanya na'urar gargaɗi a kan wannan iska a jiragen da suke da ɗakin kwana.

Daɗin da ake samu

Matuƙa suna da wani lissafi na auna tafiya: a haɗa yawan mil da yawan matakai, a raba da huɗu, abin da ya fito shi ne kimanin awoyin tafiyar. Babbar hanyar Grand Union daga Landan zuwa Birmingham mil 137 ce, mai matakai 166. Jimla 303 ke nan, wato kimanin awa 76, ko kusan kwana goma ga mai tafiyar awa takwas kullum. Jirgin ƙasa kuwa yana yin wannan tafiya cikin ƙasa da awa biyu. A nan za a gane cewa mai siririn jirgi ba isa yake nema ba, tafiyar ce kanta abin nemansa. Yana ratsa gonaki da ƙauyuka da bayan tsofaffin masana'antu, yana ganin agwagin ruwa da zalɓe, yana gaisawa da masu tafiya a turbar da dawaki suke bi a da. Inda yamma ta yi masa, nan zai ɗaure igiya ya kwana.

Akwai kuma ayyukan gini na ban mamaki. A Caen Hill, kusa da garin Devizes, matakai 29 ne a jere cikin mil biyu, kuma hawansu yakan cinye yawancin yini. Ramin Standedge, wanda ya ratsa ƙarƙashin tsaunuka na fiye da mil uku, ba shi da turbar doki, don haka a da mutane ne suke kwanciya a kan jirgi suna taka bango da ƙafa suna tura shi. A Wales kuwa akwai gadar ruwa ta Pontcysyllte, wadda Thomas Telford da William Jessop suka kammala a 1805, inda jirgi yake ƙetare kogin Dee a cikin kwamin ƙarfe mai tsayin mita 38 daga ƙasa. Hukumar UNESCO ta sanya ta cikin wuraren tarihi na duniya a 2009.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa ƙaramin matakin ruwa shi ne ya haifi siririn jirgi, rashin zurfin hanya ya ƙayyade saurinsa, nauyin ruwa kuma ya hana a buɗe ƙofa kafin lokacinta. Mai saye da ya yi garaje yakan yi asarar dukiyarsa, matuƙin da ya yi garaje kuwa yana iya rasa jirginsa ko ma ransa. Wanda ya yarda da awon hanyar ya bi ta yadda take so, shi ne yake morar ta, domin sannu ba ta hana zuwa.

Aikin yi

1. Bayyana dalilin da ya sa faɗin siririn jirgi bai kai ƙafa 7 ba.
2. Kawo abubuwa uku da mai saye zai lura da su, tare da dalilin kowanne.
3. Mene ne dokin ƙofa a matakin ruwa, kuma yaya ake kauce wa haɗarinsa?
4. Tafiya mai mil 20 da matakai 12 za ta ɗauki kimanin awa nawa?
5. Tsara yadda za ka yi wa 'yan aji shida na firamare bayanin matakin ruwa ta amfani da zane a allo.