Mako Biyu A Kan Duwatsun Wuta Na Kamaru

Bahaushe mutumin fili ne. Daga Sakkwato zuwa Haɗeja idonsa ya saba da ƙasa shimfiɗaɗɗiya, kuma abin da yake kira dutse, ko Dala ko Goron Dutse ko Kwatarkwashi, a zaune ya gaje shi, a zaune kuma zai bar wa jikokinsa. Shi ya sa idan aka ce dutse ya yi aman wuta, tunaninmu yakan tafi Indunusiya ko Italiya, mu ɗauki zancen a matsayin labarin rediyo. Alhali kuwa akwai jerin irin waɗannan duwatsu a maƙwabtanmu. Ya taso daga tsibiran Tekun Atilantika, ya ratsa yammacin Kamaru, reshensa guda ya nufi Ngaundare, ɗayan ya ƙare a tudun Biu a Jihar Borno. Masana ilimin ƙasa suna kiran sa Layin Kamaru, tsawonsa kuwa kimanin kilomita 1,600 ne. A watan Janairun 2016 ni da wasu abokan aikina uku muka yi mako biyu muna bin wani yanki na wannan layi, a mota tsakanin garuruwa, da ƙafa a kan duwatsu. Na ga dacewar in kawo wa mai karatu abin da na gani, domin akwai ɓangaren labarin da ya shafe mu kai tsaye.

Mun fara da babban, wato Dutsen Kamaru, wanda ƙabilar Bakweri da ke zaune a gindinsa ke kira Mongo ma Ndemi. Tsayinsa ya haura mita 4,000 daga doron teku, kuma daga bakin tekun yake tasowa. Don a gane girmansa, Chappal Waddi da ke Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne. Dutsen Kamaru yana raye. Ya yi aman wuta a 1909 da 1922 da 1954 da 1959 da 1982 da 1999 da 2000. Girgizar da ta zo da aman 1909 ta sa Jamusawa, waɗanda suka mai da garin Buya hedikwatar mulkinsu, suka kwashe kayansu suka koma Duwala na wani lokaci. Gidan gwamnansu yana nan a Buya har yau.

Kwana uku hawa da sauka suka ɗauke mu. A ranar farko mun ratsa gonakin gwaza da ayaba, muka shiga kurmi mai duhu da laima, inda gansakuka ta lulluɓe kowane itace. Wajen mita 2,000 kurmin ya yanke kamar an sa masa wuƙa, sai ciyawa da tsakuwa baƙa da gangara mai tsananin miƙewa. Mun kwana a bukka ta biyu, kusan mita 2,800. A ƙa'ida zafi yana raguwa da kimanin digiri 6 a duk mita 1,000 da aka hau, saboda haka mutumin da ya bar Buya yana gumi zai kwana cikin sanyin da hunturun Jos ma bai kai shi ba. Iska kuma tana ƙara zama shara-shara. A ƙololuwa, abin da huhu ke samu a numfashi guda bai wuce kashi uku cikin biyar na abin da yake samu a bakin teku ba. Nan ne mutum ke fahimtar cewa sannu ba ta hana zuwa: taku ashirin, a tsaya, a sha ruwa, a ci gaba. Washegari da hantsi muka kai ƙololuwa. Babu ko tsiro, sai baƙin dutse da iska mai neman kayar da mutum, gajimare kuma yana ƙarƙashin ƙafafunmu. Mun sauko ta wata hanya dabam wadda ta bi ta bakin ramukan aman 1999, inda ƙafa ke nutsewa a toka har idon sawu, sannan muka sake shiga kurmin da ke da sauran giwaye, muka ga kashinsu a kan hanya.

Wannan hawan da ya ci mana kwanaki, 'yan tsere suna yin sa su dawo Buya cikin sa'o'i kamar huɗu da rabi. Tun 1973 ake wannan gasa, kuma wata mace, Sarah Etonge, ta lashe ɓangaren mata har sau bakwai, abin da ya sa ake kiran ta Sarauniyar Dutse. Amma waɗanda suka fi jan hankalina su ne 'yan jagora da 'yan dako. Da yawansu tsofaffin mafarauta ne da aka horar, aka mai da sanin dajin da suke da shi hanyar abinci. Ba a barin baƙo ya hau shi kaɗai, kuma wani kaso na kuɗin da ya biya yana komawa ƙauyukan da ke kewaye. Hikimar a fili take: mutumin da yake samun kuɗin makarantar 'ya'yansa daga nuna wa baƙi sawun giwa ba zai so a kashe giwar ba. A 2009 aka mai da yankin gandun daji na ƙasa, amma gandun da mutanen gefensa ba su da rabo a ciki a takarda kawai yake gandu.

Daga nan muka sauka Limbe, garin da yashin bakin tekunsa baƙi ne wuluk domin garin dutsen wuta ne. Yamma da shi, kusa da ƙauyen Bakingili, narkakken dutsen 1999 ya gangaro a hankali har ya datse titin mota, ya tsaya 'yar tazara kaɗan kafin teku. Dole aka karkatar da titin ya zagaye shi. Mun hau kansa, tudu ne na baƙaƙen duwatsu masu kaifi da ya fi gida tsayi, kuma tsirrai sun riga sun fara kama shi. Gaba kaɗan akwai Debundsha, inda ruwan sama na shekara ke kaiwa milimita 10,000, fiye da ninki goma na abin da Kano ke samu.

Mai karatu zai iya tambaya: me ya zaunar da mutane a gindin abin da zai iya haɗiye gonarsu? Amsar tana cikin ƙasar. Idan toka da narkakken dutse suka ruɓe cikin ruwan sama mai yawa, sukan bar ƙasa mai ƙarfi da ba ta cika neman taki ba. Wannan albarka ce ta jawo wa Bakweri babbar asararsu, wadda ba ta zo daga dutsen ba. Jamusawa sun ƙwace mafi kyawun filayensu suka yi manyan gonaki, kuma bayan tafiyarsu filayen ba su dawo hannun masu su ba. A 1947 aka miƙa su ga wani kamfanin gwamnati da ake kira CDC, mai noman ayaba da roba da kwakwar manja. Har yau zancen wannan ƙasa bai mutu ba a bakin dattawan Bakweri. A kan hanyarmu ta zuwa arewa mun tsaya Penja, inda wannan ƙasa ta dutsen wuta ke ba da masoro mai ƙamshi. A 2013 aka yi masa rajistar asali, ta yadda babu mai ikon sayar da wani masoro da sunan Penja sai wanda aka noma a can. Na tuna da kilishinmu da barkononmu da fatar Sakkwato, waɗanda duniya ta daɗe tana saye da sunan wasu.

Zango na gaba shi ne Manenguba, dutse mai tsayin mita 2,400 da 'yan kai, wanda ya daɗe da yin shiru. Samansa ya rufta tun zamanin da, ya bar wani ƙaton kwari mai ciyawa, da tafkuna biyu a tsakiya waɗanda mutanen wurin ke kira namiji da mace. Cikin wannan kwari Fulani Mbororo ke kiwon shanu da dawaki. Bayan kwanaki muna fama da Turancin buroka da Faransanci, sai ga wani dattijo ya amsa mana sallama ya ɗora da Hausa, ya sa aka kawo mana nono. Tudun ya yi wa kiwo daɗi saboda sanyinsa yana rage ƙudan tsando, amma rigimar manomi da makiyayi da muka sani a gida tana nan a waɗannan tsaunuka, kuma dalilinta ɗaya ne: jama'a na ƙaruwa, fili ba ya ƙaruwa.

A Fumban, babban birnin masarautar Bamum, muka huta da hawa muka shiga tarihi. Sarki Ibrahim Njoya, wanda ya gina fadar da ke tsaye tun 1917, ya ƙirƙiro wa harshensa rubutu a ƙarshen ƙarni na 19. Ya fara da alamomi kusan 500, ya yi ta tacewa har suka dawo kimanin 80, ya buɗe makarantu, aka rubuta tarihin masarautar da shi. Musulunci ya shiga fadarsa ta hanyar Fulanin Banyo da suka taimake shi a yaƙi, da fataken Hausawa masu neman goro da hauren giwa. Faransawa ba su ji daɗin sarki mai makarantunsa da rubutunsa ba. Suka karya ikonsa, suka kai shi Yawunde, ya rasu a can a 1933. Yau kaɗan ne ke iya karanta wannan rubutu. Duk wanda ya san halin da takardunmu na ajami ke ciki, a cikin buhuna da akwatunan da gara ke ci, zai fita daga wannan gidan tarihi jikinsa a sanyaye.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na ƙarshe. Daga Bamenda muka bi ta Wum, a kan hanya mai wahala, zuwa tafkin Niyos. Tafki ne a cikin tsohon bakin dutsen wuta, zurfinsa kimanin mita 200, a kwance lumui. Daga ƙarƙashinsa iskar kabon tana tsattsafowa tana narkewa a ruwan ƙasa, nauyin ruwan sama kuma yana danne ta, kamar yadda marfi ke riƙe iskar da ke cikin kwalbar lemo. A daren 21 ga Agusta, 1986, ruwan ya juye, iskar ta fito gaba ɗaya. Da yake ta fi iskar shaƙa nauyi, sai ta bi kwaruruka kamar ambaliya, ta shiga ƙauyukan Niyos da Cha da Subum. Mutum 1,746 suka rasu, tare da dabbobi kimanin 3,500, da yawa a cikin barcinsu, babu wuta babu rushewar gida. Shekara biyu kafin nan, tafkin Monun da ke kusa da Fumbot ya kashe mutum 37 ta wannan hanya, amma ba a gane gargaɗin ba. A 2001 aka kafa bututu daga ƙasan tafkin Niyos zuwa sama, aka ƙara biyu a 2011. Ruwan da ke hawa cikin bututun yana sakin iskarsa, kumfar kuma ita ke ja shi sama, saboda haka yana aiki ba tare da inji ba.

A nan labarin ya iso gida. Abin da ya tare tafkin ta gefe guda bango ne na tarkacen aman wuta, mai tsayin kimanin mita 40, wanda masana suka daɗe suna gargaɗin cewa yana zaizayewa. Idan ya ɓalle, ruwan zai bi kwarin da ke zuba a kogin Katsina-Ala, ya shiga Taraba da Binuwai. Wannan fargaba ce ta sa Najeriya ta gina madatsar Kashimbila kusa da Takum, wadda kuma aka haɗa mata injinan wutar lantarki na megawat 40. Rigakafi ne mai kyau, sai dai madatsa tana buƙatar kulawa, kuma tana buƙatar labari daga sama. Ya kamata a ce akwai musayar bayanai ta dindindin tsakanin masu lura da tafkin a Kamaru da hukumomin agajin gaggawa na jihohin nan biyu, kuma mutanen da ke bakin kogin su san abin da za su yi idan an buga ƙararrawa. Ina shakkar ko ɗalibi ɗaya cikin ɗari a jami'o'inmu ya san dalilin gina Kashimbila.

Wannan ya kawo ni ga namu aikin, mu malamai. Muna koyar da duwatsun wuta a kan allo, da hotunan ƙasashen Turai, alhali tafkin Tila yana nan kusa da Biu a cikin tsohon bakin dutse, tsaunukan Kerang da Panyam kuma suna nan a Filato da siffarsu ta mazurari a kife. Fita fili ita ce abu na farko da ake yankewa idan kuɗin sashe ya yi kaɗan, sai a yaye masanin ƙasa da bai taɓa riƙe narkakken dutse a hannunsa ba. Gani ya kori ji. Motar jami'a guda da kwana huɗu sun isa su kai aji ɗaya Kerang su dawo. Jama'ar waɗannan wurare kuma za su iya cin moriyar tsarin Buya, na horar da 'yan gari su zama 'yan jagora da ba ƙauye kasonsa.

Sai dai duk wannan yana rataye ne a kan zaman lafiya. Watanni kaɗan bayan dawowarmu, a ƙarshen 2016, yajin aikin lauyoyi da malamai a yankunan Kamaru masu amfani da Turancin Ingilishi ya rikiɗe ya zama rikici, daga baya ya koma na makamai. Dubban mutane sun tsallako Kuros Riba da Binuwai da Taraba gudun hijira. A 2023 har bama-bamai aka tayar a wurin gasar hawan dutsen. Hanyar Wum da muka bi ba ta biyuwa ga baƙo cikin kwanciyar hankali, kuma 'yan jagorar da suka ajiye bindigar farauta sun rasa masu hayar su. Ba zan ba kowa shawarar ya bi sawunmu zuwa Bamenda da Niyos ba sai ƙura ta lafa. Abin da ya fi damuna shi ne tafkin: iskar ba ta daina tsattsafowa don mutane suna faɗa ba, bututu kuma yana buƙatar mai duba shi. Wannan kaɗai ya isa ya sa gwamnatocin Taraba da Binuwai, da 'yan majalisar da ke wakiltar bakin kogin Katsina-Ala, su riƙa tambayar halin da Niyos ke ciki kowace damina.