Hutun damina a Madarunfa: tsakanin gona, tabki da dajin da ya gagara shiga

Daga ƙarshen watan Yuni, da an rufe makarantun boko a Jamhuriyar Nijar, yara sukan samu kusan wata uku ba allo ba alli, sai farkon Oktoba a koma aji. A Yamai wasu manyan ma'aikatu da kamfanoni kan kwashi 'ya'yan ma'aikatansu su kai su sansanin hutu na 'yan makonni, da masu kula da su, da abinci, da wasanni. A Madarunfa, garin da ke kilomita 20 da ɗoriya kudu da Maraɗi, yawancin yara labarin irin wannan sansani kawai suke ji. Nasu hutun yana faɗowa daidai lokacin noman farko da maimai, daidai lokacin da gulbi ke kawo ruwa, tabki ya cika, sauro ya yi yawa.

Wannan haɗuwa ce ta sa hutun ya zama lokacin da yaro ya fi koyon abubuwa, kuma lokacin da ya fi shiga haɗari.

Al'adar sansanin hutu daga Turai ta zo. A 1876 wani limamin coci a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, Walter Bion, ya ɗauki yaran talakawa ya kai su ƙauyukan kan duwatsu don su sha iska su murmure. Faransawa suka rungumi tsarin, daga gare su ya iso ƙasashen da suka mulka. A 1907 kuma Baden-Powell ya tara yara 20 a tsibirin Brownsea na Ingila, ya koya musu kafa tanti, ɗaurin igiya, hura wuta da bin sawu, daga nan ƙungiyar sikawut ta samo asali. Nijar ma tana da tata ƙungiyar sikawut, sai dai an fi ganin membobinta a manyan birane.

Duk wanda ya tashi a karkarar Katsinar Maraɗi, idan ya duba abin da ake koyarwa a waɗannan sansanoni, zai yi murmushi. Yaron da ke kora awaki tun yana shekara 7 ya san sawun dila daga na kare. Ya san ɗaurin da ba ya kwancewa a ƙafar tunkiya, ya san yadda ake tuƙa igiya da kaba, ya san itacen da ke kama wuta ko da an yi ruwa jiya. Yarinyar da ke kai abinci gona ta san tafasa, ta san rama da 'yar unguwa, ta san ganyen da ba a kai wa baki. Sun san cewa gawo a damina yake zubar da ganye, shi ya sa hatsi ke kyau a ƙarƙashinsa. Da yamma ga langa, ga kokawar yara a dandali, ga dara a gindin bishiya, da dare a yi tatsuniya. Ba wanda ya rubuta wannan manhaja, amma ta daɗe tana aiki.

Ko tsarin haɗa matasa ƙarƙashin shugaba ɗaya ba baƙo ba ne a nan. Akwai gayya, akwai sarkin samari. A zamanin Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, gwamnati ta ɗauki samariya ta mayar da ita ginshiƙin aikin gayya a ƙasa baki ɗaya: gyaran hanya, gina azuzuwa, dashen itatuwa, wasannin gargajiya. Bikin dashen itace na ranar 3 ga Agusta, wanda ke haɗe da ranar samun 'yancin kai, har yau a tsakiyar hutun yake faɗowa. Abin da ya ragu shi ne babban da ke tsaye a kan yara yana ƙirga su. Iyaye suna gona, yayye da dama sun tafi ci-rani ko suna kabu-kabu a Maraɗi, ƙanana kuwa sai su bi juna.

Kuma inda suke bin juna, galibi, bakin ruwa ne.

Tabkin Madarunfa abin alfahari ne. Gulbin Maraɗi, wanda ke gangarowa daga ƙasar Katsina ta Jibiya, da Gulbin Gabi su ke ciyar da shi, kuma idan ya cika yakan kai kusan kadada 800. Masunta na ci da shi, masu lambu na ci da shi, tsuntsaye masu ƙaura na sauka a kansa. A kewayensa ne kaburburan waliyyai 99 suke, waɗanda mutane ke zuwa ziyara daga Nijar da Najeriya. Tun 2006 Nijar ta sa tabkin da dajin da kaburburan cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya, a 2019 kuma aka shigar da tabkin cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi.

Amma tabkin da yaro ya sani a watan Afrilu ba shi ne na watan Agusta ba. Inda ya taka da ƙafa a rani, yanzu ya shanye babban mutum. Ƙasan laka ce mai riƙe ƙafa, ga ciyawar ruwa, ga tsofaffin ragar masunta. Gulbi ya fi wannan sharri, domin yana iya kawo ruwa ranar da ko ɗigo bai sauka a Madarunfa ba: an yi ruwan ne can a Najeriya, sai dai a ga kogin da ke bushe da safe yana ambaliya da la'asar. Sai kuma ramukan da aka haƙa don yin tubali a bayan gari. Su ne ba a tsoro, su ne kuma ke da gefe mai santsi da zurfi farat ɗaya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a shekarar 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5, kuma nahiyar Afirka ce ke kan gaba idan aka auna da yawan jama'a. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli a matsayin ranar yaƙi da nutsewa. A nan ranar tana zuwa ne lokacin da ramuka suka fara cika, amma da wuya ka ji an ambace ta a bakin kasuwa.

Akwai abin da masu aikin ceto suka daɗe suna nanatawa, wanda ya saɓa wa abin da muke zato. Mai nutsewa ba ya ihu. Bakinsa na shiga ruwa yana fita, ba shi da numfashin kira, kuma cikin ɗan lokaci kaɗan ya ɓace, abokansa na gefe suna zaton wasa yake. Na biyu, wanda ya faɗa don ceto ba tare da horo ba sau da yawa shi ne gawa ta biyu, domin mai nutsewa yana ƙanƙame duk abin da ya taɓa. Abin da ya kamata yaro ya sani shi ne ya yi kururuwa, ya kwanta a gaɓa ya miƙa gora ko sanda, ko ya jefa jarkar da ba komai cikinta an rufe bakinta. Jarkar lita 20 tana iya riƙe mutum a saman ruwa, kuma babu gidan da ba ta. In an fito da shi, ba a juya shi ƙafa sama don a zubar da ruwa kamar yadda aka saba. In ba ya numfashi, a hura masa iska baki da baki a danna ƙirji, a aika neman taimako. Lambar 'yan kwana-kwana a Nijar 18 ce. Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarsa lau, a kai shi likita, saboda ruwan da ya shiga huhu yana iya tayar da ciwo bayan sa'o'i.

Ruwan yana da wata cutar da ba ta gaggawa. Tsargiya daga ƙananan katantanwa na ruwa mai kwanciya take fitowa, ƙwayar ta huda fata yayin wanka ko wanki. Alamarta jini a ƙarshen fitsari. A wasu ƙauyuka har yanzu ana ɗaukar wannan a matsayin alamar yaro ya fara girma, alhali mafitsararsa ce ke rauni. Maganin, praziquantel, ana rabawa a makarantu lokacin kamfe, to amma yaron da ya sha magani ya koma ruwan nan zai sake kamuwa.

Mutanen Madarunfa ba su manta da 2018 ba. A watan Yulin shekarar ne aka tabbatar da ɓarkewar kwalara a gundumar, daga nan ta bazu, ta kama sama da mutum 3,000 a ƙasar kafin a shawo kanta. Duk wanda zai tara yara wuri guda da damina, ruwan sha da makewayi su ne tambayar farko, kafin ƙwallo da waƙa. Zazzaɓin cizon sauro kuwa, maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana bayarwa daga Yuli zuwa Oktoba an fi nufin 'yan ƙasa da shekara 5 da shi. 'Yan makaranta sai dai gidan sauro.

A gona da kiwo, maciji ne da tsawa. Kububuwa ƙarama ce, launinta na ƙasa, dafinta yana hana jini daskarewa. Ɗaure ƙafa tamau, tsaga wurin da reza ko tsotsewa ba sa fitar da dafi, sai ƙarin lahani. A kwantar da wanda aka sara, a hana gaɓar motsi, a cire zobe ko warwaro, a ɗauke shi zuwa likita ba tare da an tsaya gwada sa'a ba. In hadari ya taso da walƙiya, yaro makiyayi yakan ruga gindin bishiya ɗaya tilo da ke fili, wurin da ya fi ko'ina haɗari ke nan. Wanda ke cikin ruwa ya fito tun jin rugugin farko.

Da a ce shekaru 20 baya ne, da sai a ce a kai yara dajin Baban Rafi su kwana biyu, su ga itatuwan da suka ɓace a kusa da gari. Yau ba uban da zai yarda, kuma yana da gaskiya. Gundumar tana kan iyaka da jihar Katsina, kuma ƙauyukan yankin Gabi da Ɗan Isa sun sha fama da 'yan bindiga masu satar shanu da garkuwa da mutane. Wannan ya taƙaita har kiwon da yara ke yi nesa da gida. Asarar ba ta tsaya ga dukiya ba: akwai yaran da ke tasowa yanzu a gefen daji ba su san dajin ba.

Don haka sansanin da zai yiwu a Madarunfa ba na tanti da kwana a jeji ba ne. Na yini ne, a harabar makarantar da ke rufe wata uku, daga bayan azahar lokacin da aka taso daga gona, ta yadda ba za a raba uba da mai taya shi noma ba. Malaman ma ba sai an ɗauko su daga Yamai ba. Sarkin ruwa da masuntansa sun san kowane rami a tabkin, su ya kamata su nuna inda ake shiga da inda ba a shiga, su koyar da iyo a wuri marar zurfi da aka kewaye da igiya, ana ƙirga yara kafin shiga da bayan fita. Jami'an gandun daji su koyar da itatuwa da sassaben zamani, wato barin toho ya girma a gona, dabarar da ta yaɗu daga jihar Maraɗi tun shekarun 1980 har duniya ta san ta. Ma'aikacin lafiya ya nuna haɗin ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kuma kada a bar 'yan mata a baya. Su ne ke zuwa wanki da ɗibar ruwa, su ne ke goye da ƙanne a bakin gulbi, su ne kuma ba a koya wa iyo.

Kuɗin da wannan zai ci bai kai na bikin rufe taro ɗaya ba. Abin da yake buƙata shi ne wanda zai ɗauki nauyi, ko ma'aikatar magajin gari, ko kwamitin iyayen yara, ko masu unguwanni, kuma a tsara shi tun watan Mayu, ba sai ruwa ya sauka ba. Hutun ma yana iya zarce yadda aka tsara. A 2024, bayan ambaliyar da ta yi ɓarna a Maraɗi da sauran jihohi, gwamnati ta ɗage komawa makaranta daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga watan, yara suka ƙara kusan mako huɗu a gida, ramuka da tabki kuwa suna cike.