Kafin Ka Zuba Kafso A Tankin Tarwada

Mai kiwon tarwada, a tankin siminti ne ko na tamfol, babu abin da yake tsoro kamar ya leƙa da safe ya tarar kifaye sun juya ciki sama. Nan take wasu ke cewa sammu ne ko baƙin ido. Galibi kuwa ƙwayoyin cuta ne na bakteriya, kuma tun farko suna cikin ruwan, jira kawai suke kifin ya yi rauni.

Wadda ta fi ɓarna ita ce Aeromonas. Ka ɗago kifin da ta kama ka duba: gindin fiffikensa ya yi ja kamar jini ya kwanta, gyambo ya buɗe a gefen jiki, ciki ya kumbura da ruwa. Akwai kuma mai suna kolumnaris, wadda ke sa fari-farin tabo a fata, ta cinye gemu da jela, ta ruɓar da mashaƙar kifin. Masu kiwon karfasa su kula da kifin da idonsa ya firfito yana ta juyi a wuri ɗaya. Sau da yawa aikin Streptococcus ne.

Me ke raunana kifi? Cunkoso da dattin ruwa. Kashin kifi da ragowar abinci idan suka kwanta a ƙasa sukan haifar da amoniya, mai ƙona mashaƙa. A bazara ruwa kan yi zafi, iskar da kifi ke shaƙa ta ragu. Da hunturu kuma sanyi ya rage musu cin abinci, amma mai tanki yana ta watsawa kamar kullum. Masu jefa mushen kaji da ɗanyen kayan ciki don arha, su ne ke kai cutar da hannunsu.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake rugawa kemis a sayo kafso ja-da-yalo a farke a ruwa, ba awo, ba shawarar likitan dabbobi. Yau ya yi aiki, gobe ƙwayar cutar ta saba da shi. Sannan a kwashe kifin a kai kasuwa kafin maganin ya bar jikinsa, alhali kowane irin maganin nan yana da kwanakin jira kafin a ci naman. Mai saye bai ji ba bai gani ba, yana shan magani a cikin farfesu. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma a Afirka ta Yamma abin ya fi muni.

Da ka ga alamar cuta a tanki, tsayar da abinci, sauya wani kaso na ruwan, ware masu ciwo. Mushe a binne shi, kada a sayar wa masu banda. Kowane tanki da komarsa da bokitinsa. Sabbin 'ya'yan kifi a ajiye su daban kamar mako 2 kafin a haɗa su da na gida. Gishiri yana taimakawa, amma a tambayi gwargwado wajen jami'in kifi na ma'aikatar gona, ko masana irin na cibiyar binciken kifi ta tarayya da ke New Bussa.

Kai ma mai aikin ka kiyaye. Aeromonas na shiga jikin mutum ta rauni. Idan ƙayar tarwada ta soke ka, wanke da sabulu da ruwa mai tsabta nan take, in kuma wurin ya kumbura yana zafi ko zazzaɓi ya biyo baya, asibiti za ka nufa, ka gaya musu ruwan kifi ka taɓa.