Indiya: tsakanin gawayin ƙasa da hasken rana

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, a wannan wata bari mu leƙa ƙasar Indiya, mu ga yadda take shirin wutar gobe.

Mutanen Indiya sun wuce miliyan 1400. Birane na girma, masana'antu na ƙaruwa, kowa na son wutar lantarki. Kusan kashi uku cikin huɗu na wutar nan daga gawayin ƙasa ake samun ta. Wannan gawayi ba na itace ba ne. Baƙin dutse ne da ake haƙowa, irin na Anu Araren a jihar Agadas. Ana ƙona shi a tafasa ruwa, tururi ya juya inji, inji ya ba da wuta.

Gawayin yana da araha, kuma a ƙasarsu yake. Iyalai da yawa da shi suke cin abinci. Amma hayaƙinsa na kawo tari da ciwon ƙirji. Yana kuma ƙara zafin duniya, wanda ke rikita damina. A garin Jariya, wuta ta kama cikin ramukan gawayi tun 1916, har yau ba ta mutu ba.

Shi ya sa gomnatinsu ta yi shiri mai dogon zango. A 2021, a taron Gilasgo, firaminista Narendra Modi ya yi alkawari biyar, ga biyu daga ciki. Na farko, zuwa 2030 ƙasar za ta kafa megawat 500,000 na wutar da ba ta gawayi ko man fetur ko gas ba, kamar ta rana, ta iska da ta ruwa. Na biyu, zuwa 2070 hayaƙin da take fitarwa ba zai fi wanda take iya shanyewa ba. A hamadar Rajastan sun shimfiɗa farantan rana a Badla, masu ba da megawat 2245. Tashar Malbaza da aka buɗe a 2018 megawat 7 take bayarwa. Kun ga tazara.

To, me ya hana su barin gawayi yau? Rana tana faɗuwa, kuma da magariba gidaje suka fi shan wuta. Baturan ajiye wuta suna da tsada. Don an ga hadari ba a zubar da ruwan tulu. A shekarar 2024 zuwa 2025 ma, gawayin da suka haƙo ya wuce tan miliyan 1000.

Ba a manta da manomi ba. A 2019 an fito da shirin Kusum, na injin ban ruwa mai aiki da rana. Gomnati na biyan kashi 60 cikin 100 na kuɗin, manomi ya cika sauran, ya huta da sayen gazuwal.

Amma akwai abin lura. A jihar Punjab an daɗe ana ba manoma wutar ban ruwa kyauta. Kowa ya yi ta jan ruwa ba awo, har ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi nisa, rijiyoyi suka ƙara zurfi.

Mu masu noman rani, ga darasi. Rana kyauta ce, ruwan rijiya kuwa yana da iyaka. In injin rana ya zo garinku, ku zauna da makiyaya ku tsara lokacin ban ruwa da na shayar da bisashe, tun kafin a kunna shi.